Surin Hajjo

A Sakkwato ta wancan zamani, idan aka yabi tsiren Na'Allah, yajin Hajjo ake yabo. Nama kowane mahauci yana da shi. Yajin ne ke sa baƙon da ya zo ziyara Hubbare ya lashe yatsa, ya koma garinsu da labari.

Hajjo matar Na'Allah ce, gajera mai saurin tafiya, wadda aka auro daga ƙauye. Daga ɗakin uwarta ta zo da sanin naman kaza, farin tsiron nan mai kama da lema da ke fitowa jikin suri bayan ruwa mai ƙarfi. Akwai wani tsohon suri a wajen Minanata, lokacin can gonakin gero ne iyakar ganin ido. In sama ta kwana tana zuba, sai Hajjo ta yafa mayafi da sassafe, raɓa na jiƙa mata gefen zane, ta tarar sun fito farare sun yi sahu. Ta san na ci, ta san lemar kwaɗi mai kisa. Ta cika ƙwarya, ta yayyaga, ta rataye a ragaya bisa murhu, don ranar damina ba ta da amana. In ya bushe ta gasa a kasko har ya yi ƙamshin kilishi, sannan ta zuba a turmi da barkono, citta, masoro, ƙuli-ƙuli da gishiri. Abin da ta daka a damina shi ke riƙe tukubar mijinta har shekara ta kewayo.

Daminar da ake shirin samun mulkin kai, gari yana ta buɗewa, ta je ta iske an kakkafa turaka a gonakin. Wani mai awon fili ya ce mata gidaje za a gina, surin ma cikin ɗakin wani ya faɗa. Ta dawo da ƙwarya rabi, zuciya cike.

Hajjo ta saba ganin an cire dashen barkono an kai wani wuri ya kama. Sai ta ce a ranta, suri ma ai ƙasa ne. Ta koma da fartanya, ta ɓanɓaro babban gutsure da gararsa a ciki, ta ɗauko a ka, ta binne a bayan ɗaki. Kullum ta yayyafa masa ruwa, ta ajiye masa karan gero kamar mai kiwon akuya. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Garar kuwa ta karɓi masauki hannu biyu. Ta fara da zanar katanga, ta hau rumfa, ta shiga fatun da Na'Allah ya jibge yana jiran majema. Wata safiya ya ɗaga fata ta sama, sai ta tsage a hannunsa kamar tsumma.

"Ke Hajjo! Wa yak kawo muna gara gidanga?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ta, maigida. Dashe niy yi."

"Dashen mi?"

"Na suri."

Na'Allah ya dubi fatun, ya dube ta, ya rasa ta inda zai fara faɗa. Can dariya ta ƙwace masa. "Mutane na kiwon tumaki, ke kina kiwon gara! To ina naman kazar?"

"Bai hito ba tukuna. Ka ba shi damina guda."

"In ba shi damina, mu kwana waje?"

Ranar ya tone gutsuren, ya tara kara ya cinna masa wuta. Hajjo na tsaye bakin ɗaki tana kallo. Dashen nan ko tsiro ɗaya bai taɓa ba ta ba. Kafin kaka ta yi, masu gini suka baje tsohon surin.

Garin yajin da ya rage mata shi aka barbaɗa wa tsiren ranar bikin mulkin kai, aka cinye cikin kiɗa da guɗa. Daga baya ta bi wasu surrai nesa da gari, amma ƙafa ta soma nauyi, abin da take samowa kuma bai taka kara ya karya ba. Ta ci gaba da daka yaji har tsufa, mai kyau, irin na kowa.

Tsofaffin masu saye sukan tauna, su ce, "Na'Allah, ina yajin da?"

Shi kuwa sai ya juya tsinken tsire a wuta, ya ce, "Ya bi Turawa gida."