Fim ɗin da Yaya Ya Bari a Kyamara

Yayana mai hoto ne a bakin ruwan Yelwa ta ƙasar Yauri. Kowa ya bi ta gaban kyamararsa, daga masu jiragen ruwa da matan da ke bandar kifi har amaren da ake tsallakowa da su daga tsibirai. Da wayoyi suka zo, sauran masu hoto suka watsar da fim, shi kuwa ya kafe a kan tsohuwar kyamararsa. In ka ɗaga waya za ka ɗauke shi, sai ya kare fuska da hannu ya ce shi ba ya shiga abin wasan yara. Saboda wannan taurin kan nasa, da ciwon ciki ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa, muka duba gidan kakaf ba mu sami hotonsa ba sai wani ɗan mitsitsi na jikin kati, wanda ko hancinsa ba a rarrabewa.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗakinta, ta ɗora mini kyamarar a cinya.

"Ɗiyata, yana cikin abin ga," in ji ta. "Ranar Sallah ya ba maƙwabci ya ɗauke mu ni da shi. Bai kai ga wankewa ba. Ina son in gan shi tun idon ga bai rufe ba."

Ba wasa take ba. Likita ya riga ya gaya mana ciwon idonta ba yanar ido ba ce da za a cire, ganin ne yake tafiya a hankali kuma ba ya dawowa. Na rungume kyamarar na ce mata, "Inna, in Allah ya yarda za ki gan shi." Na faɗa da ƙarfi, alhali ban san ko ta ina ake farawa ba. Ni sana'ata sayar da busasshen kifi ce.

Na fara da shagon da ke kusa da tasha, inda ake buga hotunan waya. Saurayin da ke ciki ya karɓi kyamarar yana juya ta, sai na ga ya sa farce zai ɓalle bayanta a tsakiyar hasken rana. Wallahi ban san lokacin da na maƙe masa hannu ba. Abu ɗaya da na koya a wajen Yaya, da tsawa kuwa na koye shi tun ina yarinya, shi ne ba a buɗe kyamara a haske in da fim a ciki. Saurayin ya ce, "Haba Hajiya, dubawa kawai zan yi." Na ce ya je ya duba cikin tukunyar gidansu. Na karɓe kyamarar na fito ina hamdala, don da na yi jinkiri kaɗan da shi ke nan.

Sai na tuna wani abokin Yaya da suka yi sana'ar tare, wanda ya koma noman shinkafa a Shanga. Na same shi a fadama, taɓo har gwiwa. Ya wanke hannu, ya naɗe fim ɗin cikin kwansonsa kafin ya buɗe, ya miƙo mini ɗan abin da bai fi babban yatsa ba. Ya ce shi ya daɗe da rabuwa da ruwan wankin hoto, kuma duk waɗanda ya sani sun bari. Ya gargaɗe ni da zafi da danshi, ya ce fim sau ɗaya ake wanke shi, in aka ɓata babu gyara. Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Mu masu kifi muna da yadda muke da sabon direba. Ba ma ɗora masa kwandon giwan ruwa a karon farko. Ƙananan kifi muke ba shi, mu ga ko za su isa da cikarsu, ko za su isa a farfashe. Sai ya ci wannan jarrabawar ake damƙa masa kaya masu daraja. A jakar Yaya akwai ragowar fim da bai yi amfani da su ba, tsufansu ɗaya da na hannuna. Na koma wajen abokin nasa ya nuna mini yadda ake ɗurawa da cirewa, na shiga ɗaukar awaki da jirage da duk abin da ya gifta. Matan bakin ruwa suka samu abin dariya, suna cewa mai kifi ta zama mai hoto. Na ce su yi ta yi, haƙoransu ne za su bushe. Na Yaya kuwa na naɗe shi a leda, na sa a gwangwani, na ajiye a bayan randa inda ɗakin ya fi sanyi.

Na gwaji na farko na kai wani shago a Kontagora ranar da na kai kifi. Mai shagon ya cika ni da daɗin baki, ya ce aikinsu ke nan tun kafin a haife ni. Da na dawo sai ya miƙo mini fim fari fat, ya ce ai ya mutu tun a gida. Na biyu na bayar a Sakkwato. Shi wannan karɓa kawai yake ya aika wani wuri da bai san ko ina ne ba. Na buɗe ambulan na ga bikin wasu mutane da ban taɓa gani ba, ango yana ta washe baki. Awakina kuwa suna can hannun wata amarya. Na yi masifa har muryata ta dushe, amma a raina godiya nake wa Allah da ba na Yaya ba ne.

Matsalar ita ce kowane gwaji yana cin lokaci, idon Inna kuma ba ya jira. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta kira ni da sunan 'yata. Maigidana ya ce, "Ke dai ki ba ko wane ne ya wanke, ko ki haƙura. Tsohuwar nan kuka kawai za ki tayar mata." Na ce masa kukan nata ne, ita ta nema, kuma ba zan jefa Yaya a hannun wanda ba ya iya riƙe akuya ba. Amma gaskiya tsoro ya kama ni. Na ji tsoron tsantsenina ya sa hoton ya zo bayan ganin ya tafi.

Wata abokiyar cinikina da ke karɓar kifi a Kaduna ita ta yi mini kwatancen wani dattijo a wani lungu bayan kasuwa. Shagon ƙarami ne, ba wani ado. Abin da na fara gani shi ne firji, a ciki fim ne jere a sama, ruwan sha a ƙasa. Na miƙa masa na gwaji. Bai karɓa ba sai da ya tambaye ni yaushe aka ɗauka, ina aka ajiye, ko ya sha rana. Sannan ya ce, "Hajiya, tsoho ne. Zan yi iya ƙoƙarina, amma ba zan yi miki alkawari ba." Tun da na fara yawon nan shi ne mutum na farko da bai yi mini alkawari ba.

Shi ya sa har gobe in wani ya tambaye ni inda zai kai fim ko ya sayi sabo, ba na kallon girman shago. Ina cewa ya duba ko fim ɗinsu a sanyi yake. Ya tambaya ko a nan ake wankewa ko aikawa ake. In mai shago ya karɓa bai tambaye ka komai ba, karɓi abinka ka kama gabanka.

Na zauna a benci na ce ba inda zan je. Ya shiga ɗakin duhunsa ya rufe ƙofa. Da ya fito, ga awakina nan, sun ɗan koɗe amma har gemunsu ana gani. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Wanda ya taso tun daga Yauri saboda awaki, akwai abin da ya ɓoye. Fito da na gaskiyar." Na juya baya na kwance lalitata na ciro gwangwanin. Na gaya masa ko na wane ne, da halin da Inna take ciki. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa mamacin addu'a, ya koma ciki. Ban taɓa jin zama ya yi mini tsawo kamar wannan ba.

Yawancin abin da ya fito mutanen kasuwa ne. Can kusa da ƙarshe sai ga su. Hannun maƙwabcin ya ɗan girgiza, launin ya ja zuwa kore, amma Yaya ne, yana durƙushe kusa da Inna yana dariya. Na fashe da kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Dattijon ya buga mini shi da girma, ya kai faɗin faifai, ya ce idon da ya raunana babba yake so.

Na kwana a Kaduna, na kamo motar farko. Na isa gida da sauran rana, na fito da Inna tsakar gida inda haske ya fi yawa, na ɗora mata hoton a hannu. Ta kawo shi dab da fuskarta, ta ja shi baya, tana zagaya shi a hankali tana neman inda ganinta ya rage. Har na fara cewa a raina na makara. Sai na ji ta yi tsaki.

"Dubi hular yaron ga," ta ce. "Na ce mai ya gyara ta, bai ji ba."

Ta zauna da shi a wurin har inuwa ta rufe tsakar gidan, ta hana kowa karɓa.

Kafin damina ta fita Inna ta daina rarrabe dare da rana. Hoton yana rataye a saman gadonta. Duk baƙon da ya shigo gaishe ta, sai ta nuna bangon da hannu ta ce, "Ga ɗana can. Ku duba da kyau, hularsa a karkace take. Ni na gani da idona."