Addu'ar da Kawu Ya Ƙi Cewa Amin

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Tarauni. Har yau, in damina ta kankama, sai ya faɗo mini a rai.

A Gyadi-Gyadi, inda ya zauna tare da mu, da zarar kwatoci sun cika sai ka ji ana cewa, "Allah ya tsare mu daga ambaliya." Kowa ya ce amin, ban da Kawu. Sai dai ya hau gyaran hula. Wata rana maƙwabcinmu Alhaji Bala ya kasa haƙuri.

"Malam Sale, kai gidanka a kan dutse yake ne?"

"Alhaji, ni ita nake roƙo. Allah dai ya kawo ta da sauƙi."

Aka yi ta dariya, har aka laƙaba masa Na-Ambaliya. Shi kuwa ba wasa yake ba. Masunci ne daga fadamun gabas. A garinsu, in kogi ya cika ya malala, kifi ya hayayyafa, shinkafa ta yi, makiyaya su sami ciyawa. Da aka gina dam aka datse kogin daga sama, aka karkatar da ruwan zuwa gonakin rani, sai malalar ta ɗauke. Ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, gari ya watse.

Duk rani sai ya rufe rumfarsa ya tafi gayyar sare kacala, ya dawo hannu duk tsaga. Na sha yi masa tsiya, wai tsoho da lauje zai ja da dam. Amsarsa ɗaya ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Burinsa ya ga ruwa ya koma garinsu kafin ya bar duniya. Bai gani ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Bara ɗansa ya kira ni. Masu kula da dam sun saki ruwa a kan lokaci, ya bi hanyar da 'yan gayya suka share har bakin gari. Masunta sun fara komawa. Da Kawu na nan, na san ba zai yi rawar kai ba. Cewa zai yi kacala ba ta barci, a wasa lauje. Amma ina kyautata zaton sai ya leƙa wajen Alhaji Bala da ƙunshin kifi, ya ajiye masa ya wuce.

Kawu bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba, sai addu'arsa. Makon jiya ruwa ya cika layinmu, wani ya ce Allah ya tsare mu daga ambaliya. Sai na ji bakina ya ce, "Allah ya kawo ta da sauƙi." Aka juyo ana kallona, irin kallon da ake yi wa Kawu. Ban gyara maganar ba.