Tsanin Baban Rakiya

Da sunan Allah nike farawa, Shi da ya san abin da baki ya kasa fitarwa. Mas'uda ɗiyata, tunda kin zo daga Gusau kin matsa sai na ba da labarin yayanki, to rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mani.

Sunanshi dai ba shi fita bakina, ɗan fari ne. Tun da anka haifa mai ɗiya na samu sauƙi, Baban Rakiya nike ce mai. Kafin nan sai dai in ce kai, ko in ce wancan.

Nan Karakkai na haife shi, cikin ɗakin da yanzu muke aje buhun dawa. Lafiyayye, ba shi da kuka. Da ya isa magana sai munka ga bakin na sarƙewa. In zai ce ruwa, sai ya yi ta ru, ru, ru, har wuyanshi ya ɗaga jijiya. In'ina ce mai ƙarfi. Mun yi rubutu, mun yi tofi, babanku, Allah shi jiƙan shi, har Tsafe ya kai shi wurin wani malami. Abin ikon Allah, in karatun Alƙur'ani ne sai shi zubo shi sumul, ko tuntuɓe babu. Amma a ce mai ina kwana shi amsa, nan ne aiki. Yara sunka yi ta kwaikwayon shi bakin rijiya, shi kuwa sai ya koyi yin shiru. Har ya girma ya aje iyali, gaisuwarshi ɗaga hannu ce da murmushi.

Ba raggo ba ne, wannan ko maƙiyi ya sani. Da jaki ya fara, shina yo itace daji shina kaiwa Bunguɗu. Da daji ya gagari shiga, ya sai da jakin ya tahi Gusau turin kurar ruwa. Ya dawo mani kafaɗu duk kanta, ƙafa duk faso. Daga nan ya samu ɗan janareto shina cajin waya a zaure. Ana cikin haka fetur ya tashi. Abin da ya samu da rana, janareto shi shanye da marece, ga ƙara, ga hayaƙi har cikin ɗakina. Lokacin nan mun ci kwaɗon rama har Rakiya ta daina tambayar mi anka dafa.

Hamza ne ya kawo maganar sola, ƙanen Hafsatu matar yayanki, wanda ya koyi aikin a Tsafe. Ya ce rana ba a sayen ta a gidan mai. Na sai da tumakina, Hafsatu ta sai da kwanonin jerenta, Hamza ya samo farantan sola da batir da wata tsohuwar firiza. Tsakar gidanmu inuwar bedi ta rufe shi, ga awaki, don haka bisa kwanon ɗakin Hafsatu anka ɗaure farantan.

Mas'uda, kin ga gidan da idonki. Hafsatu na ƙulla zoɓo da kunun aya, shi shina sai da ƙanƙara da caji a zaure. Tukunya ta koma hawa murhu safe da rana da marece. Rakiya ta samu takalmin makaranta. Maganin gwiwata bai sake yankewa ba. Har mutane sunka fara ce mai Mai Ƙanƙara, sunan da yara ke kiran shi da shi da can ya ɓace.

To amma Hamza ya faɗa tun ranar farko, farantin nan awa madubi shike, in ya yi datti ba shi ganin rana. Sai ana hawa ana gogewa. Ga maƙwabcinmu Malam Jibo da tattabaru cike da gida, kuma ba su ga wurin hutawa ba sai bisa farantanmu. Kwana kaɗan sai ka ga sun yi fari fat da kashi.

Ke kin sani, amma rubuta don wanda bai sani ba. Nan garin namiji ba shi hawa rufi ko bishiya haka kawai. Gidajenmu katanga ɗaya ce tsakani, makewayi ba rufi, mata na aiki da ɗaurin ƙirji. Duk mai hawa sai ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau bisa! Mata a kimtsa!" Shi jira kaɗan, sannan shi taka tsani. Mai gyaran kwano na yi, mai sassabe reshe na yi.

Shi kuwa ina zai iya? Da farko ya gwada buga gwangwani, mata sunka zaci mai sayen tsohon ƙarfe ne. Sai ya koma hawa shiru. Shi jawo hula har gira, shi duƙar da kai, shi goge, shi sauko.

Ran nan da hantsi ina tsintar wake sai na ji ihu daga gidan Malam Jibo. Lantana ce, matarshi. Ta fito wanka da ɗan zane, ta ɗaga kai, sai ga mutum bisa kwano.

"Wayyo! Namiji bisa! Jama'a, namiji bisa!"

Baban Rakiya ya sauko har tsani na neman kifewa, bokiti ya biyo shi. Ban taɓa ganin fuskarshi haka ba.

Bayan azahar Malam Jibo ya yi sallama a zaure. Na laɓe bayan ƙyaure ina ji. Ya kira shi da sunanshi ya ce, "Ni da kai ba mu taɓa sa-in-sa ba. Mi ka hau nema bisa iyalina?"

Malam Jibo ya ƙara ɗaga murya.

"Da kai nike. Ka ga wani abu ko ba ka gani ba?"

Ina jin numfashinshi, ina jin ba, ba, ba, maganar ta ƙi fita. Masu jiran caji na zaune suna kallo. Wani ya ce, "Kai Malam Jibo, ka bar shi, kafin shi gama amsawa an kira la'asar." Anka yi dariya. Malam Jibo bai yi ba. Ya ce, "Mai gaskiya ba shi rasa baki," ya kaɗe riga ya fita.

Ni da ke bayan ƙyaure na san gaskiyar, amma ban fito ba. Uwa ta fito gaban maza tana kare ɗan fari? Sai na koma ɗaki na rufe fuska da mayafi.

Magana ta kai ga mai unguwa. Bai zalunce mu ba. Ya ce ba a hana mutum neman abincinshi, kuma ba a buɗe wa mutum iyali. Ko dai a riƙa shela da baki kamar kowa, ko a sauke farantan kafin azumi shi kama. Hamza da ya ji ya ce in anka sauke su ƙasa cikin inuwar nan, ko ruwan sanyi ba mu samu, balle ƙanƙara.

Kwanakin nan ban je islamiyya ba. Ko suna anka yi ban leƙa ba. Ina jin mata ta katanga, in sun zo kan maganar sai su rage murya. Shi kuma bai sake taɓa tsani ba. Tattabaru sunka samu gari. Ƙanƙara ta koma rabi ruwa, zoɓon Hafsatu ya yi tsami ta zubar. Ga zafi ya shigo, ga azumi na matsowa, lokacin da kowa ke neman sanyi. Na gan shi ya fiddo tsohuwar igiyar da shike ɗaure jarkoki a Gusau shina dubawa. Na san kura shike tunanin komawa.

Na ja gwiwata na shiga wurin Lantana. Na iske ta tana tankaɗe.

"Inna Tambaya, ke da kanki? Shigo, ga tabarma."

Na zauna na kasa ɗaga ido. Na ce, "Na zo ba da haƙuri ne, ɗiyata."

Ta ce, "Inna, ni fa ban ce ya gan ni ba. Cewa na yi na gan shi. Ƙeyarshi ma na gani. Amma ke ki faɗa mani, in kin fito wanka kin ga ƙato bisa kanki, salati za ki tsaya yi ko ihu?"

Na ce, "Ihu."

"To kin gani. Shi buɗa baki kawai shi ce za a hau. Ko rabi ya faɗa mun gane. Ni ma asara nike, kwana nawa rabona da ruwan sanyi."

Na so in ce mata tattabarunku ne sunka jawo duk wanga abu. Kunya ta hana ni. Na yi godiya na fito.

Hafsatu ta ce ita ta iya yin shelar. Na ce a'a. Yarinya da ƙuruciyarta, maza na zaune zaure da bakin masallaci, ta riƙa ƙwala murya? Gobe sai a samu sabon abin faɗi.

Ana sauran kwana kaɗan a ga wata, da safe na ga ya jingina tsani. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya saɓa tsumma a kafaɗa. Ashe ya kwana biyu shina gwadawa cikin gona shi kaɗai, Hafsatu ta faɗa mani daga baya. Ya tsaya gindin tsani ya cika ƙirji da iska.

"Za... za... za..."

Jijiyar wuyan nan ta tashi, irin ta ranar da shike neman ce mani ruwa. Ya sake. Ya sake. Gumi ya jiƙa mai riga. Can bayan katanga wani ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ya aje bokitin a hankali, ya kama tsani zai kwantar.

Mas'uda, ni da har babanku ya rasu bai taɓa jin muryata daga zaure ba. Ko ke in zan kira ki, aike nike yi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya tsakar gida na ce, "Za a hau bisa."

Abin ya fito awa kukan ɗan tsako. Sai ga muryar Lantana ta katanga.

"Wa ke magana? Inna, ke ce? Wallahi ba mu ji ba, ƙara!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska, na runtse ido, na buɗe maƙogwaro.

"Za a hau bisa! Mata a kimtsa!"

Tattabaru sunka watse. Can sai Lantana ta ce, "Mun kimtsa! Shi hau!" Daga gidan gabas wata ta ce, "Mu ma!"

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na dai ji tsani na ƙara.

Da la'asar Malam Jibo ya aika wurin mai unguwa a tambaya ko muryar mace ta wadatar. Mai unguwa ya ce shi shela ya ce a yi, kuma har gidanshi an ji. Farantan na nan inda suke. Azumin nan Hafsatu ba ta huta ba, har daga ƙauyuka ana zuwa sayen ƙanƙara da kula bisa babur.

Kada ki rubuta cewa na saba, don ban saba ba. Da na koma islamiyya, ina shiga wata ta ce, "Ku matsa, ga sanƙira mai shela ta iso." Wata tsohuwa, sa'ar uwata, ta kama hannuna ta ce, "Tambaya, ɗan fari fa? Gari duk na ji?" Na tambayi malamarmu a keɓe ko ina da zunubi. Ta ce muryar da ke sa mata su suturta ba ta ga laifinta ba. Na ji sanyi, amma har yau sai na rufe fuska nike iyawa, ko da ba kowa tsakar gidan sai awaki.

Shi kuma bai taɓa ce mani komi a kai ba. In ya sauko sai shi fasa ƙanƙara shi sa a kofin silba, shi aje bakin ƙofata shi wuce. Ni ma ba ni cewa an gode. Sai ya fita nike sha.

Tsaya nan haka, alhamdu lillahi. Tashi ki dafa mani citta da kanumfari, mura na neman kama mani murya, kuma na ga tattabarun Malam Jibo sun sake ɓata farantan. Gobe da hantsi akwai hawa.