Uwar Kore da Tukunyar Tagulla

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Uwar Kore a shekarar 1944, a gidan da ke ƙarshen layin marina, wanda ruwan lambatunsa bai taɓa fita da launi ɗaya kwana biyu a jere ba. Mahaifinta marini ne ɗan marini, mahaifiyarta kuwa masaƙiya ce. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce warin tukunyar shuni bai taɓa kora daga tsakar gida ba.

Karatu da abin da ya sami mahaifinta

Ta shiga makaranta a 1951, ta kammala aji bakwai da sakamako mai kyau, sai dai malamanta sun sha ƙorafi a kan shuɗin yatsu da take bari a littattafai. A 1957 shugaban makarantar ya ba mahaifinta aikin rina yadin kayan ɗalibai, ya ce kore yake so. Duk marini ya san ganye, duk da korensa, ba ya ba da kore a tukunya. Sai an tsoma yadi a shuni, sannan a dafa shi a ruwan rawaya, launukan biyu su haɗu. Haka ya yi, yadin ya fito kore shar. Amma kafin wata biyu rana da wanki suka cinye rawayar, ɗalibai suka koma yawo da shuɗi mai dabbare-dabbare.

Daga nan aka laƙaba masa Mai Koren Baƙo, wai baƙo raɓa ne. Sunan ya bi shi kasuwa, ya bi 'yarsa har cikin aji, kuma ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya kife tukunyar rawaya, ya rantse ba zai sake rina kore ba. An ruwaito cewa yarinyar, tana da shekara goma sha uku, ta ce masa: "Baba, in Allah ya yarda sai ka ga koren da ba ya tafiya, da idonka." Ya ce mata ta je ta wanke hannu ta ci abinci.

Aure da shekarun gwaji

A 1963 ta auri wani tela mai haƙuri, wanda ya bar mata bayan ɗaki ta jera tukwane. Shekara goma sha ɗaya tana gwaji. Ta dafa ɓawon albasa, da saiwar rawaya, da ganyen mangwaro, da ɓawon rumman. Ta jiƙa yadi a ruwan toka, ta jiƙa shi a ruwan bagaruwa. Ƙa'idarta ɗaya ce ba ta sauyawa: duk ƙyallen da ta rina sai ta raba shi biyu, rabi a akwati, rabi a kan rufin ɗaki tsawon wata uku, sannan ta haɗa su ta duba. Kowane karo na rufin ne ke ba ta kunya. Mijin yakan ce rufinsu ya fi shi yawan tufafi. A tsawon waɗannan shekaru idanun mahaifinta suka fara yana, kuma wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Shekarar nasara

A watan Maris na 1974 tukunyar ƙasar da take dahuwa a ciki ta tsage ana tsakiyar aiki. Don kada ruwan ɓawon rumman ya zube, ta sunkuci tsohuwar tukunyar tagulla ta surukarta ba tare da izini ba, ta juye, ta ƙarasa dahuwar a ciki. Surukar ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarta. Yadin kuwa ya fito da wani kore mai duhu da ba ta taɓa gani ba, ta raba shi biyu kamar kullum.

Da wata uku suka cika, ta kai wa mahaifinta ƙyallayen biyu, ta zaunar da shi a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Ta ce: "Baba, nuna min wanda ya kwana a rana." Tsohon ya kai su dab da idonsa, ya juya, ya shinshina, ya sake juyawa. Can ya ce: "Ke 'yar nan, kada ki yi min wasa da hankali. Dukansu daga akwati kika ɗauko." Ta rantse masa. Ya yi kuka, bai ɓoye ba. Washegari ya yafa na rufin a kafaɗa, ya zagaya kasuwa layi-layi yana tsayar da duk wanda ya taɓa kiransa da wancan suna. Ya rasu bayan shekara biyu, ana kiransa Baban Uwar Kore. Ashe tagullar ce ta kama rawayar ta hana ta tashi. Surukar kuma ta rinƙa gaya wa baƙi cewa da ma ta san tukunyarta ba ta banza ba ce.

Shekarun ƙarshe

Aiki ya bunƙasa har ta buɗe marina mai tukwane ashirin a 1980, a daidai lokacin da rinin kwalba na kanti ke rufe wa marina da yawa ƙofa. 'Yan'uwa suka ba ta shawarar ta riƙe sirrinta, ta ƙi. Ta ce ta ga abin da rashin sani ya yi wa mutum ɗaya, ba za ta so wa uban kowa ba. Ta koyar da duk wanda ya zo, mace ko namiji, har ƙarfinta ya ƙare a 2015.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2019, tana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeriyar jinya. Ta bar 'ya'ya huɗu: Babba, malamin makaranta, Tsakiya, ma'aikaciyar jinya, Dogo, wanda ya gaji keken ɗinkin mahaifinsa, da Auta, wadda ke riƙe da marinar, sai jikoki goma sha tara. An yi jana'izarta da la'asar. Da aka ɗaga hannu domin yi mata addu'a, limamin ya ce shekararsa talatin yana sallar gawa, bai taɓa ganin tafuka masu shuɗi da yawa haka ba. Allah ya jiƙanta da rahama.