Furar Inna da ɗan yatsana

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na canza lamba, ban canza ba. Tun bayan girbin bara nake fama da kaina, sai yau na samu ƙarfin zuciyar yin magana.

Waɗanda suka san ni a kasuwar hatsi ta Funtua sun san tumbina kan riga ni shiga rumfa. Har alfahari nake da shi.

Abin ya fara ne da ƙishirwa da yawan fitsari, na ce zafi ne. Ana nan sai tushen kara ya soke ni a babban yatsan ƙafa, ranar da na je awon masara a Gozaki. Ban ma ji zafi ba. Ciwon ya ƙi warkewa, ya kumbura, ya fara wari.

A asibiti aka ɗiga jinina a wata 'yar na'ura. Likita ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Alhaji, ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. In bai sauka ba, yatsan nan zai tafi. Wataƙila har ƙafar."

Wallahi ban ji sauran maganarta ba.

Aka ɗora ni kan allura da ƙwayoyi. Kullum da safe wankin ciwo, ni kuwa na kau da kai don kada in gani. Kuɗin magani ya ci buhunan da na ajiye don bazara.

Aka rage mini tuwo ya koma kamar dunƙulen hannu, sauran kwanon ganye. Shayi babu sukari. Tunda an hana ni taka ƙafar, a kujera nake ɗaga galan ɗin ruwa da hannu, ina haki kamar wanda ya yi huɗa.

Amma suga ya ƙi sauka.

Ga dalili. Mahaifiyata, Inna, ta zo daga Dayi ta ga na faɗa, ta fashe da kuka.

"Auta, wa ya taɓa warkewa da yunwa?"

Daga ranar, kullum sai direban motar Dayi ya sauke mini kwanon fura. Ta ji an hana ni sukari, sai take dama ta da zuma, tunda zuma magani ce. Ni ma haka na ɗauka. To ko da ban ɗauka ba, wa zai mayar da furar uwarsa?

Da likita ta titsiye ni na faɗa mata, sai ta ajiye alƙalami.

"Zuma ma tana tayar da shi. Furar ma haka. Ka kawo mini Inna."

Na fi jin tsoron wannan fiye da allura. Ta yaya zan ce wa tsohuwa abin da take aiko mini ne ke cin ƙafata?

Na aika aka ɗauko ta daga Dayi. Na kai ta ɗakin wankin ciwo, nas ta warware bandeji a gabanta, likita ta yi mata bayani a hankali. Inna ta daɗe tana kallon yatsan. Ta ce, "Ƙafar nan ni na koya mata tafiya. Ba za a yanke ta ina raye ba."

Washegari kwanon ya iso kamar kullum. Na buɗe. Zogale ne, da ɗan ƙuli.

A hankali suga ya sauka, ciwon ya kame. Aka ba ni izinin tafiya da rufaffen takalmi. Bayan asuba nake fita, 'yan acaɓa na tsayawa suna tambaya ko motata ce ta lalace.

'Yan'uwa, ku je gwaji tun kafin ciwo ya kai ku. Mai suga ya riƙa duba ƙafarsa kullum, kuma ya tambayi likita kafin ya sha abin da aka ce magani ne. Ku tafi asibiti da mai ba ku abinci, ya ji da kunnensa.

Na gode wa Allah, na gode wa likita da nas, da ku masu addu'a. Ciwon sugan yana nan, lallaɓa shi nake, kuma har yanzu ina tsoron ranar gwaji.

Juma'ar da ta wuce na sauka a bakin titin Dayi, na taka da ƙafata har gida, yatsuna cif. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Auta, ka rame."

Na tsaya ina jiran ta ce a kawo fura.

Ta ce, "Alhamdulillahi."