Fassarar da na yi wa Baba

Ni lokotoro ya ja gefe a asibitin Maraɗi. Ya ce hantar Baba ta gama lalacewa, mu mayar da shi gida, mu ba shi abin da ransa ke so. Muka dawo Madarunfa, maganar tana cikina ni kaɗai. A wajenmu ba a gaya wa majinyaci haka. "Da sauƙi" ake ta cewa har a kai mutum makwancinsa.

Shi kuwa Baba shirin damina yake. Shekara bakwai ba ya magana da ƙanensa saboda wata gona a Safo. Tsorona kada ya tafi da gaba a wuyansa, ga bakina ya ƙi buɗuwa.

Yayana da ke karatu a Kanada ya turo mini wani fim na can a salula, na ban dariya, da Faransanci. Wai in kunna wa Baba, zai gane da kansa. Shi da ke nesa, ai dabara ba ta yi masa wuya.

Bayan la'asar na zauna bakin tabarmarsa ina fassara, tunda ni na yi lakwal, wato boko. Wani tsoho ne zai mutu, 'ya'yansa suna ɓoye masa. Yana barci suka zo auna shi don akwatin gawa, ya farka, suka ce riga za su ɗinka masa. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai aka zo inda 'yar tsohon ta gaya masa gaskiya. Wurin da nake jira ke nan. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Ta ce zai warke."

"Ba haka ta ce ba," in ji Baba. "Mai albishir ba ta riƙe hannun mutum haka." Ya dubi hannuna da ke cikin nasa. "Ke kuma me aka ce maki?"

Na faɗa masa ina kuka. Sai ya ce a aika Safo a kira masa ƙanensa.

Ɗan aike ya tarar ƙanen ya tafi cirani Nijeriya, kwana biyar da suka wuce. Kafin saƙo ya same shi ya iso, an yi sadakar ukun Baba. Ni kuwa sati uku na yi ina zaune kan maganar.