Mai Hoton Da Ba Ya Ɗaukar Ɗan Soja Shi Kaɗai

Kullum da hantsi, kafin maƙwabta su gama sharar ƙofar shagunansu, Baba Mai Hoto ya riga ya buɗe nasa a layin da ke fuskantar ƙofar kwaleji. Zai fara da goge idon kyamara da wani ɗan ƙyalle da ba ya yarda kowa ya taɓa. Sai ya karkaɗe farin labulen da ake zama a gabansa, ya gyara kwalin da ya tokare gajeruwar ƙafar kujera, ya rataye baƙin kwat ɗin aro a ƙusa kusa da madubi. Kwat ɗin nan babu ɗalibin da bai sa shi ba, siriri da mai ƙiba, har Tela maƙwabcinsa yakan ce da kwat na karɓar takardar shaida, da tuni ya fi shugaban kwalejin ilimi. Daga nan Baba zai jawo bencin baƙi ya ajiye shi jikin bango, ya zuba shayinsa, ya jira wanda Allah zai kawo.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, kuma yanzu kowa da kyamararsa a aljihu. An ce yabon gwani ya zama dole, to amma gaskiya ba don gwanintar hoto ake wannan jinjina ba. Akwai waɗanda suka fi shi iya haske da inuwa a garin nan, shi ma ya sani. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a gaishe shi wata doka ce guda ɗaya da ya kafa wa kansa, ya riƙe ta shekara da shekaru, ta ja masa zagi da asarar ciniki, bai sake ta ba.

Duk shekara idan aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, waɗanda suka gama kwaleji sukan yi layi a shagonsa neman hoton fasfo na takardar nema. Baba yakan tambayi kowa na mene ne hoton. Idan na neman aikin ofis ne ko na ƙarin karatu, sai ya ce hau kujera. Idan aka ce na soja ne, sai ya ajiye kyamara.

"Wa ya rene ka?"

"Mahaifiyata."

"Je ka zo da ita. Hoto biyu zan yi maka. Ƙaramin ka biya, babban kai da ita, kyauta ne."

"Baba, sauri nake yi."

"Akwai wani shagon a ƙarshen layi, shi ma yana da sauri."

Da yawa sun fita suna ƙunƙuni. Su ne suka laƙaba masa suna Baba Sai-da-Uwarka, sunan ya bi shi har gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Dokar tana da asali. Tun yana sabon buɗe shago wata mata ta shigo da hoton fasfo ƙunshe a bakin zane, bai fi babban yatsa ba, rabin kuncin yaron duk tawadar hatimi. Ɗanta ne. Ya gama kwaleji, ya shiga soja bai gaya mata ba don kada ta hana shi, sai daga bariki ta ji labari. Bai dawo ba. Wannan ɗan hoton ne kaɗai aka kawo mata cikin kayansa, tana so a ƙara masa girma ta rataye. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, amma da hoton ya girma sai fuskar ta watse, hatimin ya fi idon fitowa. Matar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ba shi ba ne. Amma ba ni shi haka." Abin ya tsaya masa a rai, ya yi baƙin ciki kamar shi ya yi mata laifi, kuma daga ranar bai sake ɗaukar mai neman soja shi kaɗai ba.

Kada a ɗauka yana ƙin aikin soja. Yakan ce ƙasar da ba soja gida ne ba ƙyaure. Bai taɓa ce wa ɗan kowa je ka ko kada ka je ba. Nasa dai shi ne kada a tafi a ɓoye, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan yaro ya zo da wanda ya rene shi, sai Baba ya zaunar da su a benci, ya shige bayan labule yana ta gyaran abin da bai lalace ba, har sai ya ji muryoyi sun sauka.

Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Baba, ya ga abubuwa. Shi ya ba da labarin wani dogon yaro da ya ga dokar ta tsaya masa a wuya, sai ya roƙi wata mai sayar da lemo a bakin titi ta zo a matsayin uwarsa. Suka tsaya gaban labule, Baba ya leƙa ta kyamara, ya ɗago.

"Baiwar Allah, koma wajen lemonki kada a sace."

Yaron ya fara rantse-rantse. Baba ya ce masa, "Wuyan rigarka a karkace yake tun shigowarka. Ban taɓa ganin uwar da ta tsaya hoto da ɗanta ba ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga ba."

Washegari ya zo da ta gaskiya. Ta yi kuka a benci, ta yi masa faɗa har Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa yana sauraro, daga baya ta share hawaye ta ce Allah ya tsare, ta tashi ta gyara masa wuyan riga. Yau hafsa ne, kuma duk hutun da ya zo sai ya leƙo shagon. Wani kuma ya zo da mahaifinsa, ashe uban ne ke tura shi, shi koyarwa yake so, bai taɓa samun bakin faɗa ba sai a bencin nan. Babban hoton kaɗai suka ɗauka suka tafi.

Kai ne, Baba, ka mayar da katako mai ƙafa huɗu wurin da uwa da ɗa suke gaya wa juna gaskiya. Kai ne ka yarda a kira ka mai taurin kai don kada wata uwar ta sake rataye hatimi a bangonta. Mai benci, gagara masu sauri.

Sai dai an ce wanzami ba ya son jarfa, kuma bara jarfar ta zo har shagonsa.

Autarsa a wannan kwalejin ta yi karatun gina hanyoyi da gadoji. Tana gamawa wani kamfani da ke cikin gari ya kira ta aiki, ofis mai sanyi, tafiyar ƙafa daga gida. Baba ya gaya wa duk layin, har wanda bai tambaya ba. Wata safiya ta shigo shagon, ta gaishe shi, ta tsaya gaban madubi ta gyara ɗankwali, ta hau kujera.

"Baba, fasfo."

"Na kamfanin?"

"Na soja. Suna neman masu gina gada."

Mutumin da bai taɓa ce wa ɗan wani kada ka je ba, ranar sai da ya faɗi duk abin da ya haɗiye tsawon shekaru. Ya kawo maganar rana da ruwan sama, ya kawo ta harsashi, ya ce ke mace ce, ya ce ga aiki a hannu wa yake sakin na hannu ya kama na tashi. Da ya ga ba ta sauka daga kujera ba, sai ya ce batirin kyamara ya mutu. Batirin nan ya kwana a mace, ya wayi gari a mace, har mako ya juya.

Lokaci kuwa ba ya jira. Ranar rufe karɓar takardu ta matso, kuma shekarunta sun kai iyaka, idan ɗaukar wannan shekarar ta wuce ta, shi ke nan har abada. Shagon ƙarshen layi yana nan a buɗe, wayar hannunta ma ta isa ta yi mata hoton. Ba ta je ba. Kullum da hantsi sai ta zo ta zauna a benci, ta ɗora jakarta a cinya, shi kuma ya yi ta goge kyamarar da ya ce ba ta aiki.

Tela ya leƙo ya ce, "Malam, wannan batirin naka ko a kai shi asibiti ne?" Baba bai yi dariya ba. A gida ya kai ƙara wajen matarsa, yana zaton zai sami mai taya shi, sai ta ce, "Ni tun tana shekara ta biyu ta gaya mini. Na yi kukana na gama tuntuni. Kai ne ka yi ta tambayar 'ya'yan mutane wa ya rene su, ba ka taɓa tambayar taka me take so ba."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ana gobe rufewa, ya ajiye ƙyallensa, ya zagayo ya zauna kusa da Auta a benci. Tunda ya sa kafinta ya yi bencin bai taɓa zama a kansa ba, sai ranar ya san yana da tauri haka.

"To, ina jin ki."

Ta gaya masa. Ta ce ta je kamfanin ta ga teburin da za a ba ta, ta zauna a kai, ta ji kamar an sa mata takalmin wani. Ta ce ta nemi mata biyu da suke aikin sojan ta tambaye su mai daɗin da marar daɗin, ba su ɓoye mata komai ba. Ta ce inda ruwa ya cinye gada ko faɗa ya karya ta, mutane na can tsallake ba asibiti ba kasuwa, masu gina gada na soja ake fara turawa, kuma wannan aikin take so hannunta ya yi.

"Ba ki jin tsoro?"

"Ina ji, Baba. Na auna shi na ga zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne in tafi da hoton shagon wani."

Ya tashi ya karkaɗe labule. Sannan ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, raina bai so ba, kuma ban san ranar da zai so ba. Amma tashi ki hau kujera."

Batir ya tashi nan take. Sai da ya sake ɗauka kafin fasfon ya fito daidai. Ya juya zai shiga wankewa, ta ce, "Saura babban."

"Je ki kira uwarki."

"Tana shagon Tela tun ɗazu. Amma dokar cewa ta yi wanda ya rene ka, kuma ku biyu kuka rene ni."

A nan aka yi ta. Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan hoto bai taɓa tsayawa gaban labulensa ba. Ya ce ai ba mai riƙe kyamara. Tela ya ce ga shi nan, wanda ya iya zura zare a allura ba zai kasa danna maɓalli ba. Baba ya nuna masa inda zai tsaya, ya ja masa kunne kada ya taɓa gilashin, ya koma ya tsaya a gefen Auta, uwarta a ɗaya gefen, ya ƙame kamar shi ne za a ɗauka sojan. Tela bai iya jira ba, ya danna kafin a ce an shirya.

Hoton ya fito a karkace, saman hular Baba a yanke. Da wani ne ya kawo masa irinsa, da ya ce a sake. Amma wannan bai ce ba, domin a cikinsa ba kyamara yake kallo ba. Ya juya wajen 'yarsa, hannunsa a wuyan rigarta yana gyarawa, kuma ya rantse bai san lokacin da ya miƙa hannun ba.

Auta tana wajen horo yanzu. Takan kira idan an ba su waya, ta ce ta yi baƙi ta rame, abinci ba laifi. Baba har yau gabansa na faɗuwa idan waya ta yi ƙara, bai kuma ɓoye wa kowa hakan. Cikin duk hotunan da ke bangon shagon, na Tela mai karkata shi kaɗai ya ce zai tafi da shi gida. Bencin kuwa Tela ya roƙa a bar masa, ya ce zai ajiye shi a ƙofar shagonsa ko wani zai buƙata.

Mun gode, Baba Mai Hoto. Kai ne ka riƙe doka a kan 'ya'yan mutane, da ta zo kan taka ka yi tuntuɓe kamar kowane uba, sannan ka miƙe ka cika ta. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idonka haske, ya dawo maka da Auta lafiya ta tsaya gabanka da kakinta.

Ku kuma matasan da kuka gama karatu kuna juya maganar soja a zuci, shago zai rufe, amma dokar ba ta buƙatar kyamara. Ku je ku gaya wa wanda ya rene ku kafin ku sa hannu a kowace takarda. Iyaye, idan ɗa ya zo da maganar, kada ku ce batir ya mutu. Ku zauna ku ji shi har ya gama, ku faɗi tsoronku ba ɓoyo. In ya fasa, ya fasa da saninku. In kuma tafiyar ce, to ku tashi ku gyara masa wuyan riga.